Aidiyalizim: na aji daban, na zaure daban

Tambaya daga wani ɗalibi a Daura: "Assalamu alaikum Malam. Ina karatu a kwalejin horar da malamai. A darasin falsafar ilimi an koya mana aidiyalizim, aka ce ra'ayi ne mai cewa tunani ya riga abin da ake taɓawa. Da na je gida hutu muka yi gardama da kawuna, tsohon ma'aikacin gwamnati, a kan karɓar kuɗi ranar zaɓe. Na ce ni ba zan karɓa ba, sai ya yi dariya ya ce aidiyalizim ne ke damuna, in na fara ciyar da iyali zan warke. Shin shi ne wanda aka koya mana? Yabo ne ko gori? Kuma wannan falsafa ba ta ci karo da addini ba?"

Wa'alaikumus salam, ɗana. Allah ya ƙara basira. In na fahimce ka, so kake ka san ko abin da malaminka ya rubuta a allo da abin da kawunka ya jefe ka da shi a zaure abu guda ne. Ba guda ba ne. Suna ɗaya suke amsawa, akwai kuma zumunci a tsakaninsu, amma mutum yana iya riƙe ɗaya ya yi watsi da ɗayan. Na daɗe ina koyar da falsafar ilimi a nan Katsina, kuma da wuya a yi jarrabawa ban ci karo da wanda ya cakuɗa su ba. A tambaye shi ra'ayin Aflatun, ya ɓuge da labarin mutumin kirki da ba ya cin hanci.

Abin da masana falsafa suke nufi

Gardamar tsohuwa ce: mene ne tushen duk abin da ke akwai? Wasu suka ce jiki ne, wato abin da ake gani, a taɓa, a auna, tunani kuwa daga baya ya tsiro a kansa. Wasu suka ce a'a, hankali da ma'ana su ne asali, abin da hannu ke taɓawa a bayansu yake biye. Masu ra'ayi na biyun su ne 'yan aidiyalizim. Waɗanda suka yi karatunsu ta Larabci sun san shi da misaliyya.

Uban tafiyar shi ne Aflatun, mutumin birnin Atina a ƙasar Girka, almajirin Suƙrat, wanda ya rasu wajen shekara 347 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam. Ɗauki alli ka zana da'ira a allo. Duk iya hannunka, in aka ƙura mata ido za a ga inda ta karkace. Babu wanda ya taɓa ganin cikakkiyar da'ira da idonsa, amma kowa a ajin ya san taka ba ta cika ba. To da me suka gwada ta? Aflatun ya ce akwai cikakkiyar da'ira wadda hankali kaɗai ke riska, ba ta tsufa, ba ta gogewa. Ta allo kwaikwayonta ce, in an tashi aji a sa tsumma a share. Ya ce haka adalci yake, haka kyau, haka nagarta. Kowane hukuncin alƙali yana da tawaya, amma muna iya cewa wannan ya fi wancan adalci ne saboda akwai cikakken adalcin da muke hange.

Ni na fi son in kai ɗalibaina kasuwa da wannan batu. Mace ta je awon gero, mai awo ya ɗauko tiyar da aka bubbuge gindinta ya shige ciki. Kallo ɗaya ta yi mata ta ce, "Malam, canza wannan, ba ta cika ba." Ba ta zo da wata tiya daga gida ba. Cikakkiyar tana cikin kanta, da ita take hukunta wadda ke gabanta. Bambancin kawai shi ne ita ta taɓa ganin tiya mai kyau, Aflatun kuwa yana magana ne a kan ma'aunin da ido bai taɓa gani ba, kuma ya nace cewa wannan ma'aunin ya fi abin da ake aunawa tabbata. Riƙe wannan misalin, domin nan ne ma'anar aji da ta zaure suka haɗa jini.

Tun a gidansa aka fara yi masa tawaye. Almajirinsa Aristo ya ce babu wata duniyar siffofi a rataye a wani wuri, siffar doki a jikin doki take, mai son saninta ya je ya duba dawaki. Daga wannan reshe ne abin da littafinku ke kira riyalizim ya fito.

Wanda ya fi kowa kai maganar maƙura shi ne George Berkeley, wani limamin kirista ɗan ƙasar Ayaland. A shekarar 1710 ya fito da hujjar cewa duk abin da ka sani game da tebur, launinsa, taurinsa, sanyinsa, ƙarar da yake yi in an buga, abubuwa ne da ke faruwa a cikin riskarka. In ka tsame su duka, me ya rage da za ka kira tebur? Ya ce babu komai, saboda haka kasancewar abu ita ce a riske shi. Duk shekarar da na kawo nan, sai an sami wani daga bayan aji ya daki benci da tafin hannu har ƙura ta tashi, ya ce, "Malam, wannan ma a kaina yake?" Aji ya fashe da dariya. Nakan bari su lafa, sannan in tambaye shi me ya samu daga dukan. Ya ce zafi a hannu da ƙara a kunne. In ce to, zafi da ƙara a ina suke? Sai ka ga ya tsaya yana kallon tafin hannunsa. Ba shi ya fara ba ma: Samuel Johnson, marubucin Ingila na wancan zamani, dutse ya shura da ƙafa ya ce ya rushe hujjar, kuma bai rushe ta ba. Da aka tambayi Berkeley ko tebur yana ɓacewa in an kulle ɗaki kowa ya tafi, ya ce a'a, domin Allah yana riskarsa a kowane lokaci. Ni ban gamsu da Berkeley ba, amma dukan benci ba ya kayar da shi.

Immanuel Kant na Jamus ya zo a 1781 da matsaya mai sassauci. Ya yarda akwai duniya a waje, sai dai ba ma samunta tsurarta. Hankali ne ke jera abin da gaɓɓai suka kawo masa a cikin wuri da lokaci, ya ɗaura wannan a matsayin sanadin wancan. Abin da muka sani shi ne abu kamar yadda ya bayyana gare mu, yadda yake a karan kansa kuwa ya fi ƙarfinmu. Hegel, wanda ya rasu a 1831, ya faɗaɗa abin ya ce tarihin ɗan Adam gaba ɗaya tafiyar hankali ce zuwa ga sanin kansa da samun 'yanci. Karl Marx ya karanci Hegel sosai, sannan ya kifar da shi: ya ce halin rayuwar mutane, abin da suke ci da yadda suke samunsa da wanda ya mallaki gona da masana'anta, shi ke ƙera tunaninsu.

Don jarrabawarka, abin da ake so ka riƙe ɗan kaɗan ne. Makarantar da aka gina a kan aidiyalizim tana ɗaukar gyaran hali da horar da hankali a matsayin babbar manufa, malami abin koyi ne kafin ya zama mai ba da darasi, ana fifita adabi da tarihi da lissafi da tarbiyya, ana koyarwa ta tambaya da amsa irin ta Suƙrat. Ka gwada ta da ta John Dewey na Amurka mai cewa yaro ya koya ta hanyar aikatawa, ka kawo suka ɗaya ko biyu, misali cewa tana iya raina sana'ar hannu. Ka ci makinka.

Abin da kawu yake nufi

Shi kawunka ba ruwansa da ko tebur yana nan in an kulle aji. Cewa yake kana auna duniya da yadda ya kamata ta kasance, shi kuwa yana ɗaukarta yadda ya same ta. Kana yawo da cikakkiyar tiya a ka, a kasuwar da kowa ya san tiyoyinta bubbugaggu ne kuma an saba. In ana son a yabi irin wannan mutum a wurinmu, a ce ɗan aƙida ne, ba ya sayuwa. In ana son a rage masa tsawo, a ce bai san duniya ba, ko boko ne ke ɗibarsa. Yabo ne ko gori, ya danganta da bakin da ya faɗa. A bakin kawu gori ne, amma irin na wanda yake tausayinka.

Ka ga shaidar cewa ma'anonin biyu ba a ɗaure suke da juna ba. Hegel, sarkin aidiyalizim na aji, ya ƙare rayuwarsa a matsayin babban farfesa a Balin, har ya shugabanci jami'ar, yana zaune lafiya da hukuma. Marx, wanda ya yi fatali da aidiyalizim na aji, ya ƙare a gudun hijira a Landan cikin talauci, yana fafutukar wata duniya da bai taɓa gani ba. A ma'anar zaure, Marx ne ɗan aƙidar. Wani abin dariya kuma, maganar kawunka cewa ciyar da iyali zai warkar da kai ita ce hujjar Marx tsaf: ciki ne ke juya kai. In ka faɗa masa haka, ka faɗa cikin ladabi, kuma ba a gaban mutane ba.

Masu nazarin hulɗar ƙasashe ma da ma'anar zaure suke amfani. Shugaban Amurka Woodrow Wilson ya fito da manufofinsa 14 a watan Janairun 1918, aka kafa Ƙungiyar Ƙasashe a 1920 don a daina yaƙi, majalisar dattawan ƙasarsa ta ƙi yarda su shiga, a 1939 wani yaƙin ya ɓarke. Shi ake bugawa misali in ana son a ce kyakkyawar niyya ba ta tare harsashi.

Amma ba sai mun je Amurka ba. An kafa jam'iyyar NEPU a Kano ranar 8 ga Agustan 1950, kuma tsofaffin da suka yi ta a ƙasar Katsina da Daura sun sha ɗauri da bulala a hannun En'e. Har Jamhuriya ta Farko ta faɗi ba su kafa gwamnati ba. Da a 1960 ka tambayi mai irin ra'ayin kawu, zai ce maka wahalar banza suke yi. To amma a 1976 aka rushe tsarin En'e aka kawo ƙananan hukumomi, a 1979 matan Arewa suka jefa ƙuri'a a zaɓen ƙasa, a 1979 ɗin kuma gwamnonin jam'iyyar PRP na Kano da Kaduna suka soke haraji da jangali. Waɗannan su ne abubuwan da Malam Aminu Kano da su Hajiya Gambo Sawaba suka yi ta faɗa ana yi musu kallon masu mafarki. Ba su kaɗai suka jawo sauyin ba, sojoji da kuɗin mai sun taka rawarsu, amma su suka sa abin ya zauna a bakin talaka har ya zama ba a iya kauce masa.

Labarin da na fi ba ɗalibai su yi ta juyawa shi ne na Alhaji Balarabe Musa, domin ya fi wuyar yanke hukunci, kuma namu ne, tunda a lokacin Katsina da Daura suna cikin jihar Kaduna, sai a 1987 aka ba mu tamu. Ya ci gwamna a PRP a 1979, amma jam'iyyar NPN ce ke da rinjaye a majalisar jiha. Ya ƙi sa 'yan NPN a cikin kwamishinoninsa, su kuma suka ƙi amincewa da sunayen da yake aikawa. Haka ya yi mulki ba kwamishina, har majalisa ta tsige shi ranar 23 ga Yunin 1981, mataimakinsa Abba Musa Rimi ya hau. Har gobe in dattawa suka zauna za ka ji kashi biyu. Wasu su ce da ya ba su kujeru biyu ko uku da ya cika shekarunsa huɗu ya yi wa talaka aikin da ya fi wanda ya samu yi. Wasu su ce da ya ba su, da ya zama ɗaya daga cikinsu, kuma da yau ba wanda zai tuna da shi. Ni abin da nake gani, ba za a ce bai san duniya ba, domin ya san farashin kuma ya biya da kujerarsa. Sai dai ba shi kaɗai ya biya ba, waɗanda suka yi layi a rana suka zaɓe shi ma sun biya. Ka kuma tuna PRP ɗin kanta ta dare gida biyu, 'yan santsi da 'yan taɓo, kowane ɓangare yana rantsuwa shi ne a kan aƙida. Manufa ɗaya ba ta hana a saɓa a kan hanya, kuma sau da yawa a kan hanyar ake ɓata wa juna suna.

Abin da nake gani wurin ɗalibaina

Inda nake ganin wannan abu da idona shi ne lokacin da muke zagayen duba ɗalibai a aikin koyarwa na gwaji. Kusan dukansu da cikakkiyar makaranta a ka suke fita. Wata ɗaliba da aka tura wata firamare a ƙauye ta shirya darasin lissafi tsaf, za ta raba yara rukuni-rukuni, kowane rukuni da kwalinsa. Ta tarar da aji cike maƙil, babu benci ko ɗaya, allon ya koɗe har alli ba ya kama shi, rabin rufin iska ta yaye. Ranar da na je na same ta a gindin bedi, ta sa yaran sun tsinto marafan kwalba, kowa da tarinsa a gabansa, suna rubuta amsa da yatsa a cikin rairayi, tana bi tana dubawa tana share kuskure da gefen takalminta. Manufarta ba ta motsa ba: kowane yaro sai ya iya tarawa da ɗebewa. Tsarin da ta zo da shi ne ta jefar. Wani abokin karatunta da ya faɗa irin wannan makaranta ya cika shafuka da ƙorafi, komai ya faɗa gaskiya ne, amma har ya gama wa'adinsa yaran ba su ƙaru da komai ba. Shi ya ɗauka in ba a yi yadda littafi ya ce ba, an ci amanar manufa.

Irin na biyun ne ke ja wa 'yan aƙida gori, kuma su ne suka fi saurin warkewar da kawu yake faɗa. Wanda bai taɓa lissafa abin da tsayuwarsa za ta ci masa ba, ranar da lissafin ya zo masa gaba ɗaya, ga kuɗin haya, ga mai ciki a asibiti, sai ya saki komai, har ya koma yana yi wa na bayansa dariya. Da yawa daga masu cewa "mu ma mun yi" haka aka yi da su. Ban san kawunka ba, amma dariyar irin wannan takan fito ne daga wanda ya taɓa tsayawa shi kaɗai aka bar shi.

Game da kuɗin zaɓe kuwa, kana kan daidai, kuma sayen ƙuri'a da sayar da ita laifi ne a dokar zaɓe. Wannan tsayuwa ce da ke cikin ikonka, asararta kuma a aljihunka za ta tsaya, ba ka ɗora wa kowa ba. Abin da zan ja kunnenka a kai shi ne raina wadda ta karɓi taliya da sabulu alhali tukunyarta ba ta hau wuta ba tun jiya. Kai ɗalibi ne da ake ciyarwa, ƙin karɓa bai yi maka tsadar da zai yi mata ba. Ka kuma nemi abokan tafiya ko da biyu ne, ka koyi wata sana'a a gefen koyarwa, domin malamin da albashinsa kaɗai ya dogara da shi, in aka riƙe na wata biyu, da wuya bakinsa ya iya cewa a'a.

Batun addini

A nan zan tsaya inda fagena ya tsaya. Ni malamin falsafar ilimi ne, hukuncin abin da ya halatta a ƙudurta na malaman tauhidi ne, kuma Daura ba ta rasa su ba. Abin da zan iya ba ka shi ne tarihi. Malaman Musulunci sun san Aflatun tun da daɗewa. Alfarabi, wanda ya rasu a 950, ya yi rubutu a kan nagartaccen birni yana bin sawunsa. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya yi shakkar gaɓɓai tun ƙarnoni kafin Berkeley: ya ce ido yana ganin inuwa a tsaye alhali tafiya take, yana ganin tauraro kamar dinari alhali lissafi ya nuna ya fi duniya girma. Shi ne kuma ya bi masana falsafa da suka a kan mas'aloli 20, ya tsananta a kan uku: cewa duniya ba ta da farko, cewa Allah bai san ɗaiɗaikun abubuwa ba, da musun tashin jikkuna. Ya karance su ne sosai kafin ya yi musu raddi. Saboda haka karanta ra'ayi don ka fahimce shi ka ci jarrabawa daban, ƙudurta shi daban. Inda za ka kai wa malaminka tambaya shi ne wurare irin cewar Aflatun siffofin nan dawwamammu ne tun azal, da yadda Hegel yake magana a kan hankalin da ke kammaluwa a cikin tarihi.

A ma'anar zaure kuwa, tarihinmu cike yake da masu auna zamaninsu da ma'aunin da ya fi shi. Wajen 1807, ana tsakiyar jihadi, Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya ga yadda neman mulki da dukiya ya fara shiga cikin jama'ar da suka fito don gyara, ya bar rundunar ya nufi gabas da niyyar zuwa Makka. Da ya iso Kano mutanenta suka roƙe shi ya tsaya ya koya musu yadda ake tafiyar da hukunci. Ya tsaya ya karantar da su, ya rubuta musu littafin Liya'ul Hukkam, sannan ya juya ya koma wurin Shehu. A 1812, da aka raba kula da ƙasa, shi aka ba ɓangaren yamma, wanda ya zama Gwandu.